Na Ga Baba a Punta Arenas

Yaya Frane,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya yara? Kun gama tsinkar zaitun?

Ni lafiya lau. Aikin kicin a jirgin ruwan nan akwai wuya, hannuwana duk sun tsattsage, amma kada ka damu.

Yaya, samu wuri ka zauna. Da muka tsaya a Punta Arenas, wani gari na bakin teku can nesa da ƙasarmu, fasinjoji suka fita yawo, ni kuma na shiga kasuwar kifi. Sai na ji wani tsoho a wata rumfar kifi yana zagin kyanwa da harshenmu na tsibirin Brač. Ina juyawa, Baba ne. Baban da aka ce teku ta cinye, wanda Mama take sanye da baƙaƙen kaya dominsa tun muna yara.

Ya dube ni ya ce, "'Yammata, kifin na yau ne, a auna miki?"

Na ce, "Baba, ni ce Zorka."

Wuƙar da ke hannunsa ta suɓuce masa. Wata mata, da alama matarsa ce, ta fito daga rumfar ta dafa kafaɗarsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ban san yadda na koma jirgi ba.

Ran Lahadi Mama za ta ce ka kai ta coci ta kunna wa Baba kyandir, kamar yadda ake yi wa mamaci. Ka kai ta, Yaya. Kada ka ce komai sai na dawo.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Zorka