Sani da Hanyar Ruwan Dam

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya mutanen gida? Mu nan Bakura lafiya lau.

Kada hankalinka ya tashi, ɗanka Sani yana nan garau. Ranar Laraba da aka tashi hutun ƙarfe tara, ya bi abokansa wanka a sabuwar hanyar ruwan dam da ke bayan makarantarsu. Ya ɗauka kamar gulbinmu ce, in ka gaji ka kama ciyawa ka fito. Ita kuwa gefenta siminti ne mai santsi, sai ya kasa fitowa. Wani manomi ne ya miƙa masa ƙotar fartanya ya jawo shi.

Yanzu hedimasta ya hana fita, sai langa cikin fili. Ni dai ban doke shi ba, Yaya. Da na ga faratansa duk sun kakkarye wajen kartar simintin nan, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

A sa mu cikin addu'a. Ka gaishe mini da uwar Sani.

Ƙanwarka,
Hajo