Yarinya Mai Jar Hula

Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya Auta, haƙorin nan nata ya fito kuwa?

Ni lafiya lau, aikin ba wahala. Zama ne a kan doguwar kujera a bakin wurin iyo, ina lura kada wani ya nutse. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ido ya riƙa zagayawa, kada ya tsaya a kan kowa.

To, akwai wata yarinya mai jar hula da ake kawowa. In za ta faɗa ruwa sai ta toshe hanci ta runtse ido, sak Auta in kina mata wanka. Da na gan ta sai idona ya maƙale. Shekaranjiya ina can ina kallonta, ashe wani dattijo yana ta shan ruwa a ɗaya gefen. Abokin aikina ne ya tsamo shi, Allah ya sa da sauran kwana.

Shugabarmu ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Idonka a buɗe yake, amma mutum ɗaya yake gani. Na ba ka mako guda ka gyara."

Kada ki faɗa wa Inna. Zan gyara, ba zan dawo muku hannu rabbana ba. Yanzu kawuna nake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, in na zo kan jar hular in wuce.

Ki turo mini sabon hoton Auta, in riƙa kallonta da safe in ƙoshi kafin in hau kujerar. Kowane kai da ke cikin ruwan nan, akwai mai jiransa a gida.

Naki,
Baban Auta