Na Canja wa Akori-kura Birki, Uwargida

Zuwa ga uwargidana, marigayiya Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu ni da boko muka raba gari, ba tare da kowa ya yi kewar wani ba.

Dalilin wasiƙar shi ne autarki Binta. Cikinta na fari ya tsufa, ya kamata ta dawo gida Kiru ta haihu, Yaya Abu ta yi mata wanka a madadinki. Na aika Doguwa cewa zan zo ɗaukarta a motata, sai mijinta Malam Nuhu ya aiko da amsa cikin ladabi: "Baba, mun gode, amma ba a akori-kurar nan ba." Wai gara ta haihu can wurinsu. Hajara, 'yarki ta yi haihuwar fari a gidan surukai saboda birkina!

Ban ga laifinsa ba. Kin tuna birkin nan irin na ganga, wanda sai na yi ta bugawa kamar mai kirɓa sakwara kafin ya tuna aikinsa? Ke ce kike cewa, "Malam, motarka ba tsayawa take yi ba, gajiya take yi."

Sai na kai ta wurin Sale bakanike a Kafin Maiyaƙi, ya ce a cire gangunan gaba a sa mata na faifai irin na motocin zamani. Ya je Kano ya ciro a jikin wata mota da ta yi hatsari. Na ce, "Sale, birkin motar da ta yi hatsari za ka sa mini?" Ya ce, "Ta baya aka doke ta, Baba. Tsabar kyan birkin ne ya ja mata."

Da aka zo fitar da iska daga bututun birki, ni aka zaunar a kujera, Sale na ƙarƙashi yana ihu, "Taka! Riƙe! Saki!" Nan ne idona ya kawo ruwa. A da ke kike zama a wurin, kin naɗe zani, kina takawa kina yi mini tsiya wai a duk Kiru ke kaɗai ce direbar da ba ta taɓa barin zaure ba. Na ce wa Sale man birki ne ya shiga idona, ya yi kamar ya yarda.

Mota ta gyaru, saura ƙafata. A hanyar Tiga na rage wa wani Bafulatani hanya, shi da goransa na nono. Akuya ta gilma, na buga birki da ƙarfin da na saba. Goshina ya gaisa da gilashi, nono ya wanke mu har cikin hula. Mutumin ya dube ni ya ce, "Baaba, sauke ni, ƙafata ta fi hankali."

Labarin kuwa ya riga ni isa Doguwa. Mahaifiyar Nuhu ta cika ƙwarya da ruwa, ta ɗora a kujerar gaba, ta ce in zaga bayan makaranta in dawo, in ya zube Binta ba ta zuwa ko'ina. Ni da furfurata! Na cire takalmi, na riƙa lallaba birkin da babban ɗan yatsa kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Na dawo, ta leƙa ƙwarya, ta shafa kujera, ta ce, "To, a fito da kayanta."

Haka muka gangaro, mai keke ma yana wuce mu. Binta ta yi barci a hanya, kanta a jikin ƙofa, bakinta a ɗan buɗe yadda kike yi.

A ɗakinki ta sauka lafiya. Mace ta haifa, kuma Nuhu da kansa ya ce a sa mata sunanki. Yanzu ina da Hajarar da ba ta musu da ni, sai dai ta yi mini fitsari a riga.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya raya takwararki a kan halinki, ya sada mu a Aljanna.

Ni ne mijinki, tsohon da bai daina kewarki ba,
Malam Isa.