Kauɗar Ɗan Ige ta yi baƙi

Laraba da dare, Gangara

Yau na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Tun da na bincika a waya abin da ke baƙanta kauɗa, na bar shanya tumatir a ƙasa, na koma bisa rumfa. A wayar kuma na koyi ɗaukar hotonta da hasken safe, bisa farin zane. Masu saye daga Sakkwato duk sun dawo wurina, har na taubashina Ɗan Ige, wanda ya riƙa kirana "ɗalibi mai furfura" sa'ad da nake zuwa makarantar dare.

Ya iske ni kasuwa da buhunansa baƙi ƙirin, ya rage murya: "Ɗan'uwa, tambayar mini abin nan naka."

Na miƙa mai wayar gaban jama'a. "Ga ta, rubuta da kanka. Gobe za ni duba maka jarrabawa."

Shi da bai iya karatu ba, ya riƙe ta kai ƙasa. 'Yan rumfa sunka fashe da dariya.

Da munka dawo gida jikata Hadiza ta ce, "Tsoho, da kauɗar nan fa iyalinsa ke cin abinci."

Na sani sarai. Na ce ta ƙaro mini tuwo.