Murjanin Inna

Alhamis da dare, unguwar Madain Fahd, ƙasa mai tsarki.

Yau mun kai yara hutu bakin teku. Inna ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ga 'yan sanda a hanya, dole muka bar ta. Ta ce, "Ka taho min da murjani."

Na sa madubin ninkaya da bututun numfashi na leƙa ƙarƙashin ruwa. Kifaye kala-kala suna yawo cikin rassan murjani. Wallahi na manta da ita sam, sai dab da magariba na karyo reshe ɗaya a gurguje.

Kafin mu iso ya koɗe, yana wari. Inna ta jujjuya shi ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ashe shi ma haka yake komawa idan aka raba shi da gida."

Na kasa cin tuwo.