Taki Bakwai Ya Rage Tsakanin Kwari da Ɗakin Inna

Pantami, Gombe,
14 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanena Nuruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nana Hauwa da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya ba ka ikon sauke nauyin aikin da ke kanka. Mu nan da sauƙi. Maigidana ya samu lafiyar ƙafar nan har ya koma shago, yara kuma suna hutu, sun cika mini kunne. Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. To, duk lokacin da na kira ka sai ka ce kana cikin taro, shi ya sa na ba direban motar Abuja ya kai maka har ofis. Takarda dai ba a kashe ta.

Maganar gidanmu na Hammadu Kafi ce, da kwarin da ke bayansa. Ba ka manta yadda muka tashi ba. Kowace shekara kafin ruwan farko, Baba, Allah Ya jiƙansa, yakan tara unguwa a yi gayya, kuma ran Asabar ake yi don kada a shiga Juma'armu ko Lahadin su maƙwabcinmu Malam Timoti. Maza su cika buhuna da yashi, su jera tsofaffin tayoyi a bakin kwarin, a dasa jema da kashe-kwari a inda ruwan bara ya ci, mu mata mu dama kunu mu turara dambu. Ba aikin burgewa ba ne, amma shekara talatin da wani abu kwarin nan bai taɓa matso mu da taki biyar ba. Bayan rasuwar Baba ma ba a fasa ba, Malam Timoti ya ci gaba da tara mutane.

Sai bara waccan ka zo Sallah da albishir. Ka ce hukumarku, wadda ke kula da manyan ayyukan ƙasa, ta sa kwarinmu cikin jerin waɗanda za a gina wa magudanar kankare, kuma da idonka ka ga takardar da aka sa wa hannu. Na yarda ka gani, ban taɓa cewa ƙarya ka yi ba. Injiniyoyi suka zo da hulunan kwano, suka buga turaku, suka kafa allo a bakin titi. Ɗan kwangila ya ce katafila ba za ta samu hanya ba sai an share bakin kwarin, kuma kada kowa ya sake zuba buhu a wurin tunda ya zama filin aikin gwamnati. Malam Timoti ya ce shi dai a bar itatuwan da ke bakin kwarin har ranar da siminti zai iso bayan gidajenmu. Inna ce ta tashi ta bi gida gida tana cewa Autanta yana cikin hukumar, ya ce aiki ya tabbata, kada unguwa ta zama ita ce ta hana kanta alheri. Mutane suka ji kunyarta. Da gatarinmu muka sare darbejiya goma sha ɗaya da Baba ya dasa, muka tumɓuke jemar, har da guɗa. Ni ma na yi guɗar, ba zan cire kaina ba. Ashe reshe muka saki muka kama ganye.

Sauran ka sani, ko da yake a takarda ka san shi. Sun zuba kankare daga gadar da ke can saman unguwa, suka gangaro har kusa da masallacin unguwa, daga nan katafila ta tafi ba ta dawo ba. Da rani masu duba aiki na hukumarku suka zo cikin motoci biyu. Sun tsaya a kan gada inda aikin ya yi kyau, suka ɗauki hotuna, suka sha ruwan leda suka juya. Malam Timoti ya bi su da gudu, da tsufansa, yana roƙon su taka ƙasa kaɗan su ga inda kankaren ya ƙare. Suka ce masa wannan kashi na biyu ne, ba shi aka turo su dubawa ba. Ni ban yi karatun injiniya ba, atamfa nake sayarwa, amma na san da muguwar rawa gara ƙin tashi. A da ruwa yakan zo yana cin karo da ciyawa da saiwoyi, ya iso a gajiye. Yanzu sun gyara masa hanya mai santsi, yana zuwa da gudunsa ya faɗo daidai bayan gidajen da ba su da ko tsinken jema.

Ran Talatar da ta wuce aka yi ruwa tun azahar har bayan la'asar. Bayan gidan Malam Timoti ya zame gaba ɗaya, da ɗakin girki da katanga. Matarsa Hilda tana ciki ta shiga ɗauko tukunya. Sai washegari aka same ta can ƙasa, nesa da unguwa. Matar da ta goya ka lokacin da Inna ta kwanta asibiti, Nuru. An kai ta ƙauyensu wajen Kaltungo an binne, na bi su. Malam Timoti bai ce mini komai game da itatuwan ba, sai godiya da ya yi ta yi don na zo. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya na auna da ƙafata daga bakin kwarin zuwa bangon ɗakin Inna. Taki bakwai ne, kuma bangon ya tsage har hannuna yana shiga. Ga shi Agusta ko rabi bai wuce ba. Na gyara mata ɗaki a nan Pantami, na kawo Keke Napep har ƙofar gida sau biyu, ta ƙi fitowa. Na yi lallashi, na yi kuka, na kawo liman ya yi mata nasiha. Amsarta ɗaya ce: Auta ya ce aiki na zuwa, in ta kwashe kaya ta gudu ta ƙaryata ɗanta a gaban mutanen da ta sa suka sare itatuwansu. Tun ranar da muka rasa Hilda, Inna ba ta cin abinci sosai, tana zaune a bakin ƙofa da carbi tana kallon titi. Kai kuma duk lokacin da ta kira ka sai ka ce mata fayil yana kan teburin oga, an kusa. Na san don ka kwantar mata da hankali kake faɗa, amma wannan kalmar ce take ɗaure ta a ɗakin.

Ban ce ka kawo katafila ba. Na san kai ƙaramin ma'aikaci ne, fayil kake ɗauka daga wannan ofis zuwa wancan, kuma haushin da nake ji ba naka ba ne kai kaɗai. Abu ɗaya nake so, kuma ba ta waya ba. Ka shigo mota ran Juma'a, ka durƙusa a gabanta ka ce mata da bakinka aikin ba zai zo bana ba, ka yi kuskure, ta tashi. Na san yana da nauyi ga mutumin da unguwa ke kira ɗan Abuja, amma daga bakinka kaɗai za ta karɓa.

Ka gaida Nana Hauwa, ka shafa mini kan Mudathir da ƙanwarsa. Kawu Iro yana gaishe ka, haka ma Yuguda da iyalinsa. Becky 'yar Malam Timoti ta ce in gode maka da saƙon ta'aziyya. Inna ba ta san na rubuto ba, da ta sani da ta ce in gaya maka tana lafiya. Ni dai na gaya wa maigidana, in Asabar ta yi ban gan ka ba zan ɗauki tabarmata in koma ɗakin nan, don ba zan bar ta ta ji ƙarar ruwan ita kaɗai ba. Daga ranar, duk hadarin da ya haɗo, ka sani mu biyu ne a ciki.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Delu.