Famfon Alwalar Inna

Ammariyya, Jidda.

Zuwa ga Yayana Nuraddeen,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Zubaidatu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Khadijatu da yara, ya kuma sa Zariya na yi muku daɗi. Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi. Inna ma da sauƙi, gwiwar hagun nan ce dai kullum, amma bakinta lafiyarsa lau.

Ka san shekara uku ke nan da aka binne Baba a Madina, kuma Inna ba ta taɓa zuwa ba. Duk sanda na yi mata maganar sai ta ce hanya da nisa. Sai kwanan nan ta faɗa mini gaskiya. Tun da hannunta ya fara rawa Baba ne ke zuba mata ruwan alwala da butarsa ta tagulla. A gida tana lallaɓawa da famfo. Amma ta ce ba za ta tsuguna a tashar hanya wani na tallafe da ita kamar jaririya, mutane na kallo ba. In ba za ta yi alwala da kanta ba, halas, shi ke nan, ta haƙura da Madina. Wallahi Yaya, ranar na yi kuka, don na ga tsufa na neman raba ta da zuwa kusa da mijinta.

Ana haka sai kafilin maigidana Baban Lama, wato ubangidansa da yake yi wa tuƙi a Abhur, ya bar masa tsohuwar motar nan tasu mai ɗaki a ciki. Akwai gado, da wurin wanke hannu, da tankin ruwa, famfon da ke jawo ruwan ne kawai ya mutu. Baban Lama ya bugi ƙirji ya ce a bar masa wannan. Ka dai san surukinka. Shekara ashirin ya yi yana wanke motocin mutane kafin ya koma tuƙi, don haka a wurinsa famfon da bai iya ɓamɓare taɓo daga taya ba, ba famfo ba ne. Ga shi ɗan Ammariyya, inda ba ma yarda ruwa ya hau bene sai mun ji injin yana ruri. Ya je Aziziyya wurin wani mai shago, Bandar, aka nuna masa wani ɗan ƙarami da ake jefawa cikin tanki. Ya ce shi ba abin wasan yara ya zo saya ba, a ba shi mai ƙarfi.

Ranar gwaji muka ɗora Inna a mota, ta zauna kan kujera, ta yi bisimilla, ta murɗa. Yaya, motar gaba ɗaya ta ɗauki rawa. Ruwan ya daki kwano ya dawo, ya cire mata ɗankwali, ya jiƙa gado, ya jiƙa ni da ke tsaye a bakin ƙofa. Inna ta share fuska, ta dubi Baban Lama, ta ce ita alwala ta yi niyya, amma tunda ya yi mata wankan Juma'a ranar Talata, ta gode. Shi kuwa sai cewa ya yi ai ko ba komai an ga famfon na aiki.

Ya koma ya kawo na takawa da ƙafa, ba lantarki, ba ƙara. Wannan kam mun ce an gama. Inna na takawa da ƙafar dama ruwa na zuwa, ta wanke hannu, ta kuskure baki, ta wanke fuska, ta shafi kai, har tana murmushi. Sai aka zo wankin ƙafa. Ƙafar da za a wanke ita ce a kan famfo, tana ɗagawa ruwa ya ɗauke, ta hagun kuma ba ta iya takawa. Sau uku tana gwadawa. Baban Lama ya miƙa ƙafa zai taka mata, ta ce ya janye, abin da take gudu ke nan. Ta sauka ta shige ɗaki, ta ce kada a ƙara yi mata maganar Madina.

Kwana biyu ba ta kula kowa ba. A na uku na ga ta yafa mayafi, ta ɗauko butar Baba cike da ruwa, ta ce yalla, a kai ta wurin mai shagon. Tana shiga ba ta tambayi kowa komai ba, ta karkata butar da hannunta mai rawa, ruwa ya zubo siriri a tsakiyar shagon mutane, ta ce wa Bandar irin wannan take so, kada ya fi, kada ya gaza. Bawan Allah ya dubi ruwan, ya dubi surukinka, ya miƙa hannu ya ɗauko ɗan ƙaramin nan na ranar farko. Baban Lama ya biya kuɗi, muka taho gida.

Jiya aka ɗaura. Inna ta ce kowa ya fita daga motar, ta rufe ƙofa. Muna tsaye a rana ba mu jin komai, har Baban Lama ya fara cewa abin ba ya aiki. Can sai ta buɗe, ƙafafunta biyu a jiƙe, babu wanda ya riƙe ta. Ta ce ranar Alhamis za mu tashi, ko daga bayan katangar maƙabartar Baƙi'a ne za ta yi wa Baba sallama. Na ce to yanzu sai a bar butar a gida. Ta ce a'a, a goge ta a ajiye a kujerar da ke kusa da ita, kada kowa ya zauna a wurin.

Ka sa mu a addu'a, Yaya. Inna na sa maka albarka. Ka gaishe mini da Yaya Khadijatu, da Sajida, da takwaran Baba. Lama da Hind na gaida ku. Baban Lama ma na gaishe ka, ya ce in kana neman famfon wanke mota, yana da sabo.

Taka har kullum,
Zubaidatu